Kafin Nakiyar Farko Ta Tashi: Yadda Al'umma Za Ta Kare Dutsenta da Kurminta

Da wuya labarin ya zo da hayaniya. Yawanci wasu baƙi ake gani a gindin dutse da na'urar awo mai ƙafa uku, suna leƙe suna rubutu. Ko a wayi gari a tarar an kakkafa turaku masu jan fenti a bakin kurmi. Ko kuwa wata 'yar sanarwa ce a can ƙuryar jarida, wadda ba wanda idonsa ya kai kanta. Kafin mutanen gari su gama tambayar juna ko lafiya, takardu sun yi nisa daga wannan ofis zuwa wancan. Ranar da katafila ta iso, galibin ƙofofin da za a ƙwanƙwasa an riga an rufe su.

Ba na cikin masu cewa a daina fasa dutse a duniya. Titin da muke bi, gadar da muke hayewa, ginin kankaren da muke kwana a ciki, duk da tsakuwa aka yi su, kuma daga jikin wani dutse aka ɓantaro ta. Amma dutse suna ya tara. Akwai wanda ba abin da ke kansa sai rana, akwai kuma wanda yake ɗauke da kufan mutanen farko, da kaburbura, da fagen da aka gwabza yaƙi, da kurmin da ke riƙe wa gari ruwa. Na biyun nan shi ne abin maganarmu. Bangon da ya tsage ana gyara shi, gonar da aka ƙwace kotu tana iya mayar wa mai ita, amma dutsen da aka fasa aka niƙe aka shimfiɗa a titi, babu alƙalin da zai mayar da shi mazauninsa.

A ranar 24 ga Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogon dutse guda biyu a Juukan, yammacin Ostireliya, don faɗaɗa haƙar tama. Bincike ya nuna mutane sun zauna a wurin tun shekara 46,000 da suka wuce. Duniya ta yi ca, majalisar ƙasar ta yi bincike, shugaban kamfanin ya bar kujerarsa, aka yi ta ba da haƙuri. Wurin dai ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tun 2013 kamfanin yake riƙe da izinin hukuma. A takarda aka rasa wurin, shekara bakwai kafin a danna nakiya. Saboda haka wannan jagora mafi yawanta maganar takarda ce, da lokaci, da juriya.

Mataki na farko: ku gano takardar da ke hannunsu

Kada a fara da kwalaye da taken zanga-zanga. A fara da tambaya. Wa ya mallaki filin? Wa ya mallaki abin da ke ƙarƙashinsa, tunda a ƙasashe da dama mai fili daban, mai ma'adinai daban? Wace hukuma ce ta ba da izini ko take shirin bayarwa, kuma ina maganar ta kwana?

Lasisin bincike daban yake da lasisin haƙa. Izinin hukumar tsara ƙasa daban, amincewar hukumar muhalli daban, izinin ajiye nakiya da tayar da ita shi ma daban. Kamfani yakan ɗaga takarda ɗaya a gaban jama'a ya bar su su ɗauka duka ya mallaka. Ku nemi kwafin kowace, da lambarta, da ranar da aka bayar, da ranar ƙarewarta, da taswirar da ke nuna iyakar wurin. Ku nema a rubuce, ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku koma da shi. Maganar baka a bakin ofis ba ta da shaida. Ƙasashe da yawa suna da dokar 'yancin samun bayanai. Yarjejeniyar Aarhus ta 1998, wadda galibin ƙasashen Turai suka shiga, ta wajabta wa hukuma ta amsa tambaya kan muhalli cikin wata ɗaya, yarjejeniyar Escazú ta 2018 kuma ta kawo irin wannan haƙƙi a Latin Amurka. Ku bincika abin da dokar ƙasarku ta ce, ku ambace ta a cikin wasiƙar.

Ku yi hattara da tsohon izini, shi ne macijin da ke kwance a ciyawa. A Stanton Moor da ke Ingila, kusa da wani da'irar duwatsu mai shekaru dubbai da ake kira Nine Ladies, izinin 1952 aka zaro a ƙarshen shekarun 1990 don a farfaɗo da ramukan fasa dutse da suka daɗe a yashe. A Gillies Hill kusa da birnin Stirling na Sikotilan, tudun da ake dangantawa da yaƙin Bannockburn na 1314, izinin 1982 ne mutanen wurin suka shekara da shekaru suna fama da shi. Ramin da ciyawa ta rufe ba yana nufin takardarsa ta mutu ba. In akwai irin wannan a kusa da ku, yau ya kamata ku tambayi matsayinsa, tun ba wanda ya waiwaye shi.

Abu na ƙarshe a nan: wa'adi. Lokacin karɓar ƙorafin jama'a gajere ne, a Tarayyar Turai mafi ƙarancinsa kwana 30 ne, a wasu wuraren bai kai haka ba. Ku rubuta ranar rufewa da manyan baƙi a inda kowa zai gani.

Mataki na biyu: ku ɗaure tsintsiyar

Kwamiti ƙarami ya fi aiki: shugaba, sakatare, ma'aji, mai magana da yawu, da mai riƙe takardu. Amma ƙaraminsa kada ya zama na gida ɗaya ko na jam'iyya ɗaya. A sa mata, don su ne suka san rijiyar da ta fara ja baya. A sa matasa, don su ne za a fara yi wa tayin aiki. A sa manomi da makiyayi da malamin makaranta da ma'aikacin lafiya, a kuma sa wanda gidansa ya fi kusa da dutsen.

Tun zaman farko a yanke abu uku a rubuta. Na ɗaya, me ake nema: a hana aikin gaba ɗaya, ko a janye iyakarsa daga kurmi da kufai? In ba a daidaita wannan ba, ranar da aka kira ku teburin sulhu kowa zai kama gabansa. Na biyu, ba wanda zai gana da kamfani shi kaɗai, komai girmansa, kuma duk ganawa sai an karanta wa jama'a abin da aka ce. Na uku, duk kuɗin da ya shigo ko ya fita a rubuta a karanta a bainar jama'a. Na ga tafiyar da ba kamfani ya rusa ta ba, zargin ina aka kai kuɗin karo-karo ne ya cinye ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu neman dutsenku sun ƙware wajen gano tsaga.

Mataki na uku: ku sa dutsen ya yi magana

Ku kun san darajar wurin, amma jami'in da zai sa hannu bai taɓa hawansa ba. Abin da ke cikin fayil kaɗai yake gani. In fayil ya ce fili ne na banza mai 'yan ƙayoyi, to a wurinsa haka yake. Aikinku shi ne ku cika fayil ɗin da gaskiya.

Ku fara da tsofaffi, kuma kada ku jinkirta, domin su ne littafin da ba shi da kwafi. A je musu da ladabi, a nemi izinin naɗar muryarsu, a ce: "Baba, wancan tsibin duwatsun da ke gabas, me kuka taso kuka ji ana kiransa?" A bar su su yi ta zuba, kada a katse su. Sunan kowane loko da kowane marmaro yana ɗauke da labari. In ƙafarsu za ta iya, a hau da su su nuna da yatsa. A rubuta sunan mai bayani da shekarunsa da ranar da ya yi.

Sannan a bi dutsen ƙafa da ƙafa. Duk wayar zamani tana nuna lambobin da ke tantance wurin da mutum yake tsaye. A ɗauki hoton kowane abu tare da lambobinsa: ragowar ganuwa, harsashin ɗaki, dutsen niƙa, kashin tama, kasko, zane a jikin dutse, kabari. A ajiye ma'auni ko biro a gefensa don a gane girmansa. Kada a tona, kada a ɗauke komai a kai gida. Kasko a inda aka same shi hujja ne, a aljihu kuwa fasasshiyar tukunya ce kawai, ga shi a ƙasashe da yawa tono ba izini laifi ne. Wuraren da kuke tsoron ɓarayin kayan tarihi, kada ku baza lambobinsu a intanet. Ku miƙa wa hukumar adana kayan tarihi kaɗai. Ku rubuta wa sashen tarihi ko na binciken kufai na jami'ar da ta fi kusa. Sau da yawa akwai malamin da ke neman inda ɗalibansa za su yi aikin fili, kuma takarda shafi biyu mai sa hannunsa ta fi koke shafi ashirin nauyi. A ɗakunan ajiyar takardun tarihi a nemi tsofaffin taswirori da rahotannin da suka ambaci wurin.

Kurmi ma haka. A ƙirga manyan itatuwa, a auna kaurin kowace da igiya daidai ƙirji, a rubuta sunanta. A lissafa tsuntsaye da dabbobi da tsirran magani, rani da damina, domin mai binciken da kamfani ya ɗauko yakan zo kwana biyu a lokacin da komai ya bushe ya rubuta bai ga kome ba. Manhajar iNaturalist tana taimakawa wajen gane sunan halitta daga hoto, jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma zai nuna muku ko akwai wadda ke fuskantar ƙarewa. Halitta ɗaya da doka ta kare tana iya tsayar da aikin da kukan mutum dubu bai tsayar ba. Wannan ba adalci ba ne a ganina, amma haka dokoki da dama suke, sai ku yi amfani da shi.

Za su ce za su dasa bishiya goma a madadin kowace ɗaya. Amsarku ita ce tsohon kurmi ba jerin itatuwa ba ne kawai, ƙasarsa ce, da saiwoyi da ƙwayoyin halittar da suka yi ɗaruruwan shekaru suna saƙa juna. Shi ya sa a Ingila aka ware wa kurmin da yake tsaye tun 1600 matsayi na daban, a Sikotilan kuma tun 1750, ana ɗaukarsu abin da ba a musanyawa. Manhajar Google Earth tana da tsofaffin hotunan sama. Ku sauke na shekarun baya ku ajiye.

Mataki na huɗu: ku auna yau, don gobe za a musa

Wannan shi ne matakin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ake yin da-na-sani a kai. In bango ya tsage bayan an fara aiki, abin da za a ce muku shi ne dama can a tsage yake.

A bi gidajen da ke kusa da dutsen ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, da kwanan wata. Inda akwai tsaga, a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta ranar a gefe, a auna faɗinta. Rijiyoyi kuma a samu igiya guda, a ɗaura mata ƙulli a kowace mita, a sa ɗan nauyi a bakinta. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara jan ruwa, mutum ɗaya ya zura ta har ya ji ta taɓa ruwa, ya rubuta a littafi, wani ya sa hannu a matsayin shaida. Dalili kuwa shi ne idan rami ya zurfafa ya wuce matakin ruwan ƙasa, dole su riƙa zuƙe ruwan da famfo don su yi aiki, sai ruwan kewaye ya riƙa gangarawa can, rijiyoyi da marmaro su ja baya. Littafin shekara guda kafin aiki ba shi da tamka a gaban kotu.

Ƙura ba ƙazanta ce kawai ba. Duwatsu da yawa suna ɗauke da sinadarin silika, wanda ƙurarsa ke daskarar da huhu, ciwon da har yau ba shi da magani, kuma tun 1997 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ƙurar cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce ƙurar da ake kira PM10 kada ta wuce maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska (wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi) cikin awa 24. Ku tambaya: wa zai auna, a ina za a kafa na'urar, wa zai ga sakamakon? Ku lura da inda iska ta fi kaɗawa, ku nuna a taswira makaranta ko asibitin da ke kan hanyarta. Girgizar nakiya kuma da milimita a daƙiƙa ake auna ta. A Birtaniya sau da yawa akan ƙayyade milimita 6 a gidan da ya fi kusa. Ban da girgiza akwai ɓaraguzan da ke tashi sama su faɗo nesa, su ne ke huda rufi.

Sai tifofi. Wannan lissafi kowa zai iya yinsa a bayan ambulan. A ce takardarsu ta nuna tan 300,000 a shekara, kowace mota tana ɗaukar tan 20. Lodi 15,000 ke nan, kuma kowace mota sai ta shigo kafin ta fita, wucewa 30,000. A raba da kwanakin aiki 300, sau 100 ke nan kowace rana. In awa goma suke aiki, duk minti shida tifa za ta wuce ta gaban makarantar 'ya'yanku. Mutumin da bai damu da kufai ba, in ya ji wannan yakan gyara zama.

Mataki na biyar: ku karanta rahotonsu da jan biro

Tun da Amurka ta kafa dokarta ta muhalli a farkon 1970, binciken tasirin aiki ga muhalli ya bazu zuwa galibin ƙasashen duniya. Amma kamfani ne ke biyan wanda ya rubuta rahoton, kada ku manta da wannan. Yakan kai shafi ɗaruruwa, kuma kaurinsa kaɗai ya isa ya karya gwiwa. Ku yayyaga aikin: malamin kimiyya ya ɗauki babin ruwa, ma'aikacin lafiya babin ƙura, direba babin hanya, mai sha'awar tarihi babin kayan gado. Kowa ya nemi abu uku: abin da aka faɗa ba daidai ba, abin da aka tsallake, da alkawarin da ba shi da adadi ko mai sa ido. Ku duba musamman babin da ya kamata ya nuna wasu wuraren da aka gwada kafin a zaɓi naku. Yawanci a nan rahoto ya fi rauni, domin tsakuwa ba zinariya ba ce, ana samunta a wurare da yawa.

Na taɓa zama a wani taron jin ra'ayin jama'a inda wakilin kamfani ya haska hoton wani tafki shuɗi mai furanni a bango, ya ce haka ramin zai koma in an gama. Mutane suka yi ta tashi suna zuba fushi, shi kuwa yana gyaɗa kai, sakataren hukuma ko biro bai ɗaga ba. Can sai wata dattijuwa ta miƙe da littafin makaranta mai bangon kore, ta ce: "Ranka ya daɗe, rahotonku ya ce babu rijiya a kusa da wurin. Ga sunayen masu rijiyoyin, ga zurfin kowace, ga wanda ya auna. Ka zo in kai ka." A lokacin ne na ga sakataren ya sunkuya yana rubutu.

Takardar ƙorafi ta bi wannan salo. Ta ambaci lambar buƙatar, ta kawo shafi da sakin layi, ta faɗi dokar ko tsarin da aikin ya saɓa wa, ta haɗa hoto da taswira. Takardar sa hannun mutum dubu tana da amfani wajen nuna yawa, amma hukumomi da dama ƙorafi ɗaya suke ƙirga ta. Wasiƙa ɗari, kowace da kalaman mai ita, ta fi ta. A kafa tebur a taimaka wa waɗanda ba sa rubutu, su faɗa a rubuta musu.

Mataki na shida: maganar aikin yi

A nan ne gari ke rabuwa. Matashin da ya ce yana son a zo a fasa don ya samu abin yi ba maci amana ba ne, yunwa gaskiya ce, kuma duk wanda ya zage shi ya miƙa shi ga kamfani kyauta. A zauna da shi a yi tambayoyin tare: mutum nawa za a ɗauka, nawa ne 'yan gari, wane irin aiki, na shekara nawa? Fasa dutse na zamani aikin injina ne, hannun da yake buƙata kaɗan ne. A ɗaya gefen a lissafa abin da za a rasa na noma da kiwo da zuma da baƙi masu ziyara.

A tsibirin Harris na Sikotilan, a 1991 kamfanin Redland ya nemi fasa dutsen Roineabhal, tan miliyan 600 cikin shekara 60. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1993 mafi yawan mutanen tsibirin sun goyi baya, saboda aiki. Da aka shiga zaman bincike na hukuma daga 1994 zuwa 1995 suka ji bayanai dalla-dalla, sai ƙuri'ar 1995 ta juye, kusan kashi biyu cikin uku suka ƙi. Gwamnati ta hana izini a 2000, kamfanin Lafarge da ya sayi Redland bai janye ba sai 2004. Shekara goma sha uku. Da masu adawa sun ɗauki maƙwabtansu abokan gaba a 1993, da ba su samu waɗanda za su juyo ba a 1995.

Mataki na bakwai: ku fitar da maganar waje

Ɗan jarida hoto yake so da mutum da adadi. Ku kai shi kan dutsen da hantsi, ku haɗa shi da mai rijiya, ku ba shi shafi ɗaya na bayanan da kuka tabbatar. Kada ku ƙara gishiri ko kaɗan. Ƙarya ɗaya in an kama, da ita za a auna sauran maganarku. Kansila da ɗan majalisa a gayyace su, a nemi matsayinsu a rubuce, amma kada a bar tafiyar ta zama rigar wani ɗan takara.

Ku bi sawun kuɗin. Wa ke ba kamfanin bashi, su wa ke da hannun jari, wa zai sayi tsakuwar? Manyan bankuna da dama sun rattaba hannu kan ƙa'idojin Equator, na duba illar aiki ga muhalli da jama'a kafin ba da bashi, tun daga 2003, hukumar IFC ta Bankin Duniya kuma tana da sharuɗɗa kan kayan gado da halittu, da ofishin karɓar koke. A Indiya, lokacin da kamfanin Vedanta ya nemi haƙar ma'adinin bokzayit a tsaunukan Niyamgiri na jihar Odisha, waɗanda al'ummar Dongria Kondh ke tsarkakewa, asusun fansho na ƙasar Norwe ya janye jarinsa a 2007, Cocin Ingila ya sayar da nasa a 2010. A Afrilun 2013 Kotun Ƙoli ta ce majalisun ƙauyuka su yanke hukunci. Ƙauyuka 12 suka zauna, duka 12 suka ce a'a, a farkon 2014 ma'aikatar muhalli ta hana aikin.

Mataki na takwas: kotu da titi

A nemi lauya tun kafin a yanke hukunci, ba bayansa ba, domin wa'adin ƙalubalantar izini gajere ne. A Ingila mako shida ne kacal. Ku sani kuma kotu ba kasafai take duba ko aikin yana da kyau ba, abin da take dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida: an yi sanarwa, an saurari jama'a, an duba kayan tarihi? A nan takardunku masu hatimi za su yi rana. In aiki na shirin farawa, abu na farko shi ne neman umarnin dakatarwa. Ku tambayi lauya ƙarara nawa za ku biya in kun faɗi.

Zanga-zanga tana da wurinta, amma ta lumana, da masu kula da tsari, da sanar da hukuma inda doka ta buƙata. Kada a taɓa injin kowa, kada a kusanci wurin nakiya. Gilashin mota ɗaya in ya fashe, labari ya tashi daga dutse ya koma kan 'yan ta da zaune tsaye. A Stanton Moor masu adawa sun kafa sansani a kurmin tun 1999 suka zauna kusan shekara goma, amma zaman ya yi tasiri ne don ana fafatawa a kotu da ofisoshi a lokaci guda, har aka soke izinin a 2008. Ita ma nasarar da farashinta, domin an bar kamfanin ya faɗaɗa wani raminsa a kusa.

Maganar tsaro ba wasa ba ce. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 227 da aka kashe a 2020 kaɗai. Kada a bar mutum ɗaya ya zama fuskar tafiyar. Duk barazana a rubuta ta, a kai rahoto, a sanar da ƙungiyoyin kare haƙƙi. Wasiƙar lauyan kamfani mai barazanar ƙarar ɓata suna kuma kada ta firgita ku, a miƙa wa lauya. In abin da kuka faɗa yana da hujja, kun tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi.

Mataki na tara: in aka kawo takardar sulhu, ko aka ba su izini

Kada a sa hannu a ranar da aka kawo takarda. Ko rajistar halartar taro a karanta abin da aka rubuta a samanta, domin akan mayar da ita shaidar amincewa. A kula da sharaɗin da ke hana ku ƙorafi nan gaba. Binciken majalisa bayan Juukan ya nuna yadda irin waɗannan sharuɗɗa suka ɗaure bakin masu ƙasa.

In kuwa izini ya fita duk da ƙoƙarinku, ba a tashi taro ba. A nemi sharuɗɗa masu adadi: tazara tsakanin rami da kurmi da kufai, a kafa ta da turakun kankare, zurfin da ba za a wuce ba, ranaku da awannin tayar da nakiya, da jiniyar gargaɗi, hanyar tifofi da rufe lodi da tamfol, masanin kufai a wurin duk lokacin da za a kankare ƙasa, da kuɗin gyaran wuri da za a ajiye a hannun hukuma tun kafin a fara, don kamfanin da ya karye ba ya cike rami. Daga nan littafinku ya koma na sa ido, kowace saɓawa da ranarta da hotonta. A Indiya, a 2018 aka shaida wa Kotun Ƙoli cewa tuddai 31 na jerin Aravalli a jihar Rajasthan sun ɓace, alhali akwai dokoki da umarnin kotu a ƙasa.

Mataki na goma: ku rufe ƙofar da kyau

An hana buƙata ɗaya ba ya nufin an gama. Dutsen yana nan, kasuwar tsakuwa tana nan, bayan 'yan shekaru wani zai dawo da sabon suna da ƙaramar taswira. Tun jikinku da ɗumi ku nemi kariya ta dindindin: a sa wurin cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, ko a ayyana shi gandun da aka keɓe, ko a cire shi daga taswirar wuraren haƙa, ko al'umma ta mallake shi da sunan amintattu. A ƙarshen ƙarni na 19 ana ta fasa gaɓar duwatsun Palisades da ke bakin kogin Hudson a Amurka. Ƙungiyoyin matan jihar New Jersey suka tsaya kai da fata har aka kafa hukumar kula da wurin a 1900, attajiri J. P. Morgan ya ba da kuɗin sayen babban ramin, aka daina tayar da nakiya a cikinsa a ƙarshen shekarar. Duwatsun suna nan tsaye har yau suna kallon birnin New York.

A ci gaba da hawa dutsen. A kai 'yan makaranta su ji sunayen lokuna daga bakin tsofaffi, a gyara turba, a sa rana guda a shekara da gari zai hau tare, kamar yadda mutanen Gillies Hill suka riƙa yin tattaki a watan Yuni. Fayil ɗin kuma a yi masa kwafi uku a gidaje uku, da na huɗu a intanet, a sa matasa biyu su san inda kowace takarda take. A ci gaba da zura igiya a rijiya ranar farko ta wata. Sau biyu a shekara kuma wani ya shirya ya je ofishin ba da izini, ya duba rajista da idonsa ko an shigar da sabuwar buƙata a kan wurin.